Garmaho, Kan Allura da Fono: Yadda Za Ka Raba Kuɗinka

Duk wanda zai haɗa kayan jin faifai abu uku yake saye, ko da a kwali ɗaya aka kawo masa su. Na farko garmahon kansa, wato farantin da faifai ke zama a kai, injin da ke juya shi, boris ɗin da ke ƙarƙashinsa, da hannun da ke riƙe allura. Na biyu kan allura, ɗan ƙaramin akwatin nan da ake ɗaurewa a bakin hannu da sukuru biyu, wanda ke mayar da motsin allura ya zama lantarki. Na uku fono, na'urar da ke karɓar wannan lantarki mai rauni ta ɗaga shi, ta gyara shi, kafin ya isa amfilifaya. Wani lokaci fono akwati ne mai zaman kansa, wani lokaci yana ɓoye a cikin garmaho ko a cikin amfilifaya.

Abin da ke rikita mai saye shi ne yakan ɗauka ukun nan kaya iri ɗaya ne, sai ya raba kuɗi uku daidai, ko ya zuba mafi yawa a kan wanda aka fi yabo. Ba tsufa ɗaya suke yi ba. Garmaho mai kyau yana shekara ashirin zuwa talatin yana aiki, bel da ɗigon mai kawai yake nema. Allura kuwa cinyewa take yi kamar takalmi, ka saya yau, ka sake saye gaba. Fono ba ya cinyewa, amma lissafi ne: kan allurar da ka zaɓa shi ke faɗa maka irin wanda za ka saya. Daga wannan bambanci rabon yake fitowa.

Rabon a taƙaice

Ka mayar da kuɗin da ka ware kashi 100, ban da na amfilifaya da sifika. Kafin komai ka cire kashi 10 ka ajiye gefe na kayan saiti da wanke faifai. Sauran 90 ɗin, idan kuɗin matsakaici ne, ka ba garmaho 50 zuwa 55, kan allura kamar 20, abin da ya rage na fono.

Idan aljihu ya yi ƙunci, kada ka raba uku ko kaɗan. Ka sa 70 a garmahon da ya zo da kan allurarsa a ɗaure, ka yi amfani da fonon da ke cikin amfilifayarka ko cikin garmahon, ka riƙe 20 har ranar da allurar farko ta ƙare ka sayi wadda ta fi ta. Idan kuwa kuɗin da kauri har ana tunanin kan allura irin MC, mai tsadar nan da za a yi bayaninsa a gaba, to garmaho na iya saukowa 45, a haɗe kan allura da fono a tukunya ɗaya su raba 45 ɗin da ya rage, kusan rabi da rabi. Waɗannan lambobi ba aya ba ce, ma'auni ne na fara tunani. Iyakar da ba a so a tsallaka guda ɗaya ce: kada kuɗin kan allura ya haura rabin na garmahon da zai ɗauke shi.

Dalilin da garmaho ke cin kaso mafi tsoka

Kiɗan da ke cikin faifai ƙananan lanƙwasa ne a bangon tsagar da allura ke bi, wasunsu ba su kai maikuron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Allura ba ta da hankalin rarrabe motsin da mawaƙi ya sa da wanda boris mai gargada ya sa. Duk abin da ya girgiza ta, sauti ne a wurinta. Saboda haka kan allura mai tsada a kan garmaho mai rawa ba ya ɓoye aibi, fito da shi yake yi fili. Wannan ce hujjar da kamfanin Linn na Sikotland ya yi suna da ita tun farkon shekarun 1970 lokacin da ya fito da Sondek LP12: abin da aka rasa daga tushe, babu na'urar da za ta dawo da shi a gaba.

Abu biyu kake biya a nan, boris da hannu, kuma dukansu ana iya gwada su ba tare da an kunna komai ba. Ka cire bel, ka juya farantin da yatsa, ka kawo kunnenka kusa da sandar tsakiya. Shiru ake so, kuma farantin ya daɗe yana juyawa kafin ya tsaya a hankali. In ka ji ƙaiƙayi ko wani ƙas-ƙas da ke dawowa kowane zagaye, boris ya bushe ko ya ci. Sai hannu. Ka bar murfin allura a kanta, ka mayar da dabaran hana zamewa, wanda ke hana hannu jan kansa zuwa tsakiyar faifai, sifili, ka murɗa nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, bai faɗi ba bai ɗaga ba. Ka ɗan hura masa iska daga gefe. Hannu lafiyayye zai tafi sumul kamar ganye a kan ruwa. In ya tafi ya cije ya sake tafiya, akwai matsala a gaɓarsa. Daga nan ka kama bakinsa da yatsa biyu, ka ɗan tura gaba ka ja baya a hankali ƙwarai. Bai kamata ka ji wani ƙwal-ƙwal ba. Hannu mai cijewa yana sa allura tsalle da cin gefe ɗaya, mai sako-sako kuma yana dagula sauti, kuma gyaran ko wanne yakan kai kuɗin sabon hannu.

Akwai garmahon da ba a saye komai arharsa: wanda babu nauyin baya da ake murɗawa, ko wanda ba a iya cire kan allurarsa. Irin masu kama da jakar tafiya da sifika a jikinsu yawanci kan allurar seramik gare su, suna danna faifai da nauyin da kan kai giram 5 ko fiye, alhali na kirki giram 2 ya ishe shi. Ka tabbatar bakin hannun yana da ramuka biyu masu tazarar rabin inci, milimita 12.7, domin nan ne kusan kowane kan allura na yau ke ɗauruwa. Bluetooth da USB ba laifi ba ne, sai dai a farashi ɗaya kuɗinsu daga boris da hannu aka yanko shi.

Gardamar bel da inji mai juya faranti kai tsaye ba ta cancanci ɓata lokaci ba. Technics SL-1200 da ya fito a 1972 kai tsaye ne, Rega Planar 3 na 1977 bel ne, kuma ko wannensu ya riƙe mutane shekaru aru-aru a ma'aunin kayan lantarki. Ka duba lambar tangaɗin gudu a takardar bayani: kashi 0.1 cikin ɗari ko ƙasa ya yi, in ta haura 0.2 za ka fara jin dogon sautin fiyano yana lilo.

Tsohon garmaho shi ne hanya mafi sauƙi ta samun boris da hannu na manya da kuɗin ƙanana, amma da tarko ɗaya da ke kama mutane. Garmaho masu bel da yawa gudun injinsu ya dogara da bugun wutar gida. Wanda aka ƙera don haz 60, wato bugu 60 a sakan, in aka sa shi a wutar haz 50, zai yi zagaye kusan 28 a minti maimakon 33⅓, kuma taransifoma mai sauya bolt ba ta gyara wannan, sai an canza ɗan gargaren da bel ke hawa. Sannan ka ɗauka allurar da ke jikin tsohon garmaho ta mutu, ko mai shi ya rantse. Ka sa kuɗin sabuwa da sabon bel cikin lissafi tun kafin ciniki.

Kan allura: kuɗin saye da kuɗin riƙo

Iri biyu ne suka cika kasuwa. A MM, maganaɗisu ne ke maƙale a gindin tsinken da ke ɗauke da daimon ɗin bakin allura, yana motsi a gaban koyil, wato naɗin siririyar waya. Yana ba da milibolt 3 zuwa 6, kuma allurarsa zare ta ake yi da hannu a cusa sabuwa. A MC koyil ne ke motsi, yana ba da milibolt 0.2 zuwa 0.5, kuma galibinsu in allura ta ƙare sai a mayar wa kamfani a yi musaya ko a kai wa mai dasa sabon daimon. Kenan farashin MC ba na ranar saye kaɗai ba ne, yana dawowa kusan gaba ɗayansa duk lokacin da daimon ya cinye, ko ranar da hannun riga ya ja tsinken ya karye. Ga mai matsakaicin kuɗi MM ne amsa, ba tare da wani jin ƙasƙanci ba.

Cikin MM ɗin ma, abin da kunne ya fi ji shi ne siffar bakin daimon. Ga dalili. Faifai na juyawa da gudu ɗaya, amma a bakin waje tsaga tana wucewa ƙarƙashin allura da kusan santimita 50 a sakan, a waƙar ƙarshe kusa da tambari kuwa kusan 21 kacal. Kiɗa iri ɗaya ne aka cusa a ƙasa da rabin fili, lanƙwasan sun matsu. Allura mai zagayayyen baki ta yi kauri ta shiga waɗannan lunguna, sai ta riƙa tsallake su. Shi ya sa za ka ji waƙar farko tas, ta ƙarshe kuma harafin "s" na mawaƙi ya koma "sh" mai tsagewa. Mai siffar ƙwai ta fi dama. Masu siririn baki, irin Shibata da wadda ake kira maikurolayin, su ne suke kawar da wannan kusan gaba ɗaya.

Kuma su ne suka fi daɗewa, domin nauyin yana bazuwa a dogon layi a bangon tsaga maimakon ɗigo ɗaya. Kamfanin Audio-Technica na ƙiyasta awa 500 ga mai zagayayyen baki, 300 ga mai siffar ƙwai, 800 ga Shibata, 1,000 ga maikurolayin. Ka yi lissafin da kanka: mai jin faifai awa ɗaya kullum zai cinye mai siffar ƙwai cikin wata goma, maikurolayin kuwa ta kai shi kusan shekara uku. In kuɗinta ya ninka na waccan sau uku, ba ta fi ta tsada ba ko kaɗan, ga sauti mafi kyau a sama. Allurar da ta cinye kuma faifai take ci, shi kuwa faifai ba a yi masa gyara.

Nan ne dabarar mai ƙaramin kuɗi take. Ka sayi kan allura daga dangin da jikinsu ɗaya, allura ce kawai ta bambanta. Jerin AT-VM95 na Audio-Technica haka yake, daga C mai zagayayyen baki, zuwa E, EN, ML da SH, duk a jiki ɗaya suke shiga. A Ortofon, allurar 2M Blue tana hawa jikin 2M Red, ta Black tana hawa jikin Bronze. Ka fara da na ƙasa, ka hau sama ranar canji, ba ka kwance sukuru ko ɗaya ba, saitinka na nan yadda yake. In tsohon kai ne ka samu, ka bincika ana samun allurarsa tukuna. Shure, alal misali, ya daina ƙera su a 2018, sai na wasu kamfanoni.

Saura lissafi ɗaya da ke hana asara. Tsinken allura yana zaune a kan 'yar roba mai laushi, hannu kuma yana da nauyi, to su biyun suna da bugun da suke rawa a kansa. Ana so ya faɗa tsakanin haz 8 da 12. In ya yi ƙasa, faifai mai ɗan lanƙwasa zai sa hannu sukuwa, ka ga bakin sifika yana shiga yana fita babu sauti. In ya yi sama, ya shigo cikin kaurin kiɗa ya ɓata shi. Ka haɗa nauyin aikin hannu da ke takarda, da nauyin kai, da na sukurori, ka ninka da lambar laushin 'yar robar da ke takardar kan allura, ka fitar da saiwar abin da ka samu, ka raba 159 da ita. Hannu mai giram 12, kai mai giram 7, sukurori giram 1, jimla 20. Laushi 20. Ninki 400, saiwarsa 20, amsa haz 8, a bakin iyaka amma ya shiga. A kula, kamfanonin Japan sukan auna laushi a haz 100, sai ka ninka lambarsu da kamar 1.7 kafin ka sa ta a lissafi. Denon DL-103, wanda ake ƙerawa tun 1962, lambarsa 5 ce, mai tauri ne, shi ya sa ya fi son hannu mai nauyi.

Fono: a daidaita lambobi kafin a duba suna

Aiki biyu fono ke yi. Na farko ɗagawa: desibel 40 ga MM, wato ninki 100, desibel 60 ga MC, ninki 1,000. Na biyu gyara. Lokacin yanka faifai ana rage kaurin sauti da kusan desibel 20 a can ƙasa don kada tsaga ta yi faɗi ta cinye fili, ana ƙara siririn sauti da kusan haka a can sama don ya rinjayi hayaniyar roba. Fono ne ke juya wannan ya koma daidai, bisa ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, da aka tsayar a 1954. In ka sa garmaho a ramin CD ko AUX ba fono, za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, siriri, babu kauri. In kuma ka kunna fonon cikin garmaho sannan ka sa wayar a ramin PHONO na amfilifaya, ka yi fono biyu a jere, sai ƙara mai kumburi da fashewa. Maɓallin da ke bayan garmaho ya kasance a LINE in fonon ciki za ka yi aiki da shi, a PHONO in na waje ne.

Ga MM, yin fono mai tsabta ba abu ne mai wahala ba, shi ya sa kashi 15 zuwa 20 ya wadatar, kuma na cikin tsofaffin amfilifaya na shekarun 1970 da 1980 sau da yawa ya fi ƙananan akwatunan yau, domin a lokacin faifai ne babban abin saurare. Abin da za ka duba shi ne om 47,000 a mashiga, da kuma kafasitans, wato yawan lantarkin da waya da na'ura ke iya riƙewa, ana auna shi da fikofarad, wanda mutane ke mantawa. Kowane MM yana da adadin da yake so: Audio-Technica na neman fikofarad 100 zuwa 200, Ortofon 2M 150 zuwa 300. Adadin nan jimla ce ta wayar cikin hannu, da wayar da ta taho fono, da fonon kansa. Wayar mita ɗaya kaɗai takan ci kusan 100. In fono ya ƙara 200 a kai, kan Audio-Technica zai yi tsini a sama, kuge ya riƙa soke kunne, mutum ya yi ta zargin allura alhali laifin na waya ne. Kada ka tsawaita wayar da ke tsakanin garmaho da fono. In nisa ya zama dole, ka ajiye fono kusa da garmaho, ka tsawaita wadda ta fita daga fono.

Ga MC labari ya sha bamban. Ninki 1,000 yana ɗaga hucin na'urar kanta tare da kiɗa, kuma fono mai arha da aka liƙa wa maɓallin MC don ado zai cika maka shirun tsakanin waƙoƙi da shuuu. Ana kuma bukatar zaɓin lodi, wato adadin om na mashigar fono, galibi om 100 zuwa ɗaruruwa kaɗan, kamar ninki goma na tsayayyar koyil ɗin kan. Mai fonon MM nagari yana da wata hanya: taransifomar ɗagawa ta 1:10, wadda ke ƙara desibel 20 ba tare da wuta ba, kan allura kuma ya ga om 470. Ko ta wace hanya, wanda ya kashe duk kason a kan MC ya bar fono a baya ya sayi doki ne ba linzami.

Kashi goman da aka ajiye

Ƙaramin sikelin allura mai nuna giram har ɗigo biyu, takardar saiti, ma'aunin magina mai ɗigon iska, buroshin faifai, buroshin allura, da hanyar wanke faifai da ruwa. Su ne mafi arha a jerin, su ne kuma suke sa sauran 90 ɗin su yi aikinsu. Ka fara daidaita garmaho ya kwanta sak, ma'aunin a kan faranti ba a kan katako ba. Ka saita kan allura a takarda: a tsarin saitin da ake kira Baerwald, tsinke ya miƙe daidai da layukan a wuri biyu, milimita 66 da 120.9 daga tsakiyar sanda. Ka bi tsinken, ba jikin akwatin ba, domin wani lokaci a ɗan karkace yake. Sannan ka ɗora allura a kan sikeli a tsayin faifai, ka sa nauyin da kamfani ya faɗa, giram 2.0 ga VM95, 1.8 ga 2M Red. Kada ka rage don tausayin faifai. Allurar da ba ta da isasshen nauyi tsalle take yi tana dukan bangon tsaga, ta fi mai ɗan nauyi ɓarna. Dabaran hana zamewa ka sa shi a lamba ɗaya da nauyin. Ka ɗaure siririyar wayar ƙasa a sukurun da ke bayan fono.

In kana da kayan a hannu, ƙari kake son yi

Ka bar alamar ciwo ta nuna inda kuɗi zai je. Tsagewar murya a waƙar ƙarshe kaɗai: saiti tukuna, in bai tafi ba siririyar allura. Tsagewa ko'ina a kan faifan da a da yake fita tas: allura ta yi datti ko ta ƙare, ka share ta daga baya zuwa gaba, in bai canza ba ka daina sa ta a faifai. Fiyano mai lilo: bel ya saki, ko ramin faifan ne bai zauna a tsakiya ba, ka gwada wani faifan kafin ka sayi komai. Gurnani mai kauri da ke nan ko allura na sama: wayar ƙasa, ko fono ya kusanci taransifomar amfilifaya, ka matsar da shi taƙi biyu ka ji. Gurnanin da ke ƙaruwa yayin da hannu ke matsawa tsakiya: kan allura ne ke ɗaukar maganaɗisun inji. Rugugi da ke zuwa sai allura ta sauka a tsaga mara kiɗa, a kowane faifai: boris ne ko inji, kuma a nan ne kaɗai canza garmaho ya zama dole. Kukan da ke tasowa in an ƙara murya: sifika da garmaho suna kan katako ɗaya, ka raba su, ko ka kafa wa garmaho shiryayye a jikin bango.